Hoton Gobe: Ƙarya Ce Ko Fata?

Kowa ya san aikin hoto shi ne shaida. Ana ɗaukarsa ne don a nuna wa wanda bai halarta ba abin da ya faru, da wanda ya zo, da irin zanen da amarya ta ɗaura. Kyamara ba ta ganin komai sai abin da ke gabanta a ƙiftawar ido guda, kuma kafin ka duba hoton ma lokacin ya riga ya zama jiya. To me za mu kira mutumin da ya riƙi wannan na'ura ya ce shi gobe yake son ɗauka?

Wanda ya jefa ni cikin wannan tunani shi ne Philip Kwame Apagya, haifaffen Sekondi a 1958. A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar, ya yi yawon ɗaukar hoto a Kodebuwa, sannan ya buɗe shagonsa a garin Shama da ke bakin teku a 1982. Abin da ya fitar da sunansa har aka baje hotunansa a Turai da Amurka shi ne labulen da yake ratayawa a bayan mai ɗaukar hoto. Zane ne na fenti mai kala: falo da talabijin da akwatin kiɗa, firiji a buɗe shaƙe da abinci da lemo, gidan bene, matakalar jirgin sama. Sai mutum ya zo da kayan sallarsa ya miƙa hannu kamar zai ɗauko kwalba daga firijin, ko ya ɗaga ƙafa riƙe da jaka kamar zai hau jirgi. Ka tuna, mai karatu, shekara guda bayan buɗe shagon, wato 1983, Ghana ta sha fari da gobarar daji da yunwa, ga kuma kusan mutum miliyan guda da aka koro daga Najeriya. Wanda ya ga wannan shekara, cikakken firiji ba abin wasa ba ne a wurinsa.

A ganina Apagya bai yi wa kowa ƙarya ba. Ƙarya sai da niyyar yaudara, shi kuwa labulensa ko yaro ya gani ya san fenti ne. Mai shago ya sani, wanda ya tsaya ya sani, surukar da aka aika wa hoton a ƙauye ita ma ta sani. Abin da hoton ke shaidawa shi ne cewa a rana kaza, mutum kaza ya yi burin abu kaza, kuma wannan ya faru da gaske. Inda nake da ja da shi dai shi ne ƙuncin burin. Gobe a labulensa kaya ce da ake saya, ko kuma ƙofar fita daga ƙasar. Amma laifin wa? Shi ɗan kasuwa ne, abin da masu zuwa suke so shi yake ratayawa.

Yanzu labule ya koma cikin waya, kuma a nan ne maganar ta yi nauyi. A shirin da nake gabatarwa a rediyo, iyaye mata sun sha bugo waya a kan abu guda: yaro ya ga hoton abokinsa a Facebook ya jingina da wata mota a Italiya, ya sayar da babur ɗinsa ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya. Motar ba ta abokin ba ce, a bakin titi ya same ta. Komai na cikin wannan hoto na gaske ne, ƙarfe ne, titi ne, babu fenti ko ɗigo, amma shi ne maƙaryacin, domin ya ɓoye cewa shiri ne. Firijin fenti bai taɓa kai kowa sahara ba.

Haka allunan 'yan siyasa. A watan Nuwamban 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da aikin madatsar ruwa ta Pwalugu, wadda aka ce za ta ba da wuta, ta shayar da gonaki, ta kuma tare ambaliyar da ke cinye amfanin gona a arewa duk lokacin da aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso. An nuna zanen yadda za ta kasance. Shekaru sun wuce, ruwa na nan yana bin hanyarsa ta da. Talaka idan ya tsaya gaban labule fata yake yi, ba wanda yake bin sa bashi. Mai mulki idan ya kafa hoton gobe alkawari ya ɗauka, alkawari kuwa kaya ne.

Sai dai abin da ya fi damuna yana gida. Duba yadda ake ɗaukar garuruwanmu na arewa. Baƙo ya zo Salaga, rijiyoyin bayi da wurin tsohuwar kasuwarsu zai ɗauka ya koma. Ya kamata a ɗauka, wannan tarihi ne da bai dace a binne ba. Amma Salaga ta taɓa zama goben wasu: fatake daga Kano da Katsina sukan yi watanni a hanya da jakuna don goron Gwanja, har malami irin Alhaji Umaru ya zo daga ƙasar Hausa ya zauna, kafin yaƙin basasar 1892 ya watse garin. Yau ba mai zuwa ya tambayi 'yar sakandaren Salaga yadda take hango garinta. Bawku kuwa ba ta shiga jarida sai da soja, da dokar hana fita, da hana hawa babur. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin hoton garinsu ba sai a cikin tashin hankali, da me zai kwatanta zaman lafiya in an ce ya nema?

To a ce wani mai hoto ya je Bawku ya shirya hoton gobe: Bakusashe da Bamamfurshe da Bahaushe da Bamoshe a benci guda wajen mai shayi, ƙarfe goma na dare. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban same shi da sauƙi ba. Na farko, mutanen da za su zauna a bencin mutane ne na gaske, kuma bayan an kashe fitila unguwanninsu za su koma, inda wani zai iya kiransu maciya amana. Mai hoton ya tafi da yabo, su ya bar su da tsoro. Na biyu, irin wannan hoto yana iya zama mayafin da za a lulluɓe jinin da ba a bi kadinsa ba. Yendi ta koya mana wannan. An kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu da mutanensa da dama a watan Maris na 2002, kuma sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu, bayan doguwar sasantawa ƙarƙashin Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu. Da wani ya haɗa gidan Abudu da gidan Andani a hoto guda suna murmushi a 2003, da annabci ya yi a bisa abin da ya zo daga baya, amma ga matar da ke takaba a lokacin, cin fuska ne.

Duk da haka ina goyon bayan a ɗauka, da sharaɗi biyu da na koya daga shagon Shama. Fentin ya fito fili, kada a sayar da fata da sunan labari. Sannan wanda zai tsaya a hoton shi zai zaɓi labulensa, kamar yadda masu zuwa wurin Apagya suke nuna wanda suke so da yatsa. In matar da ta rasa ɗanta a Bawku ta ce ita goben da take so kotu ce da alƙali a zaune, ba bencin mai shayi ba, to wannan za a zana mata.

A gefen Tamale, mai fasaha Ibrahim Mahama ya sayi tsofaffin jiragen sama da suka daina tashi, aka ɗoro su a manyan motoci aka kawo su cibiyarsa ta Red Clay, ya mai da cikinsu ajin karatu. Yaran ƙauyukan kewaye suna hawa matakalar da ƙafarsu, su zauna a ciki su yi zane, in an tashi su sauko su tafi gida cin tuwo. Da yawansu kafin su sauko sai sun tsaya a ƙofar jirgin an ɗauke su hoto.