Jirgin Dare Zuwa Ueno: Nazari Kan Waƙoƙin Birni a Ƙasar Japan

Tsarki ya tabbata ga Allah da ya sassaɓa harsunan bayinsa har wani ba ya gane zancen wani, sannan ya kusanta zukatansu har kukan na gabas ya taɓa ran na yamma ba tare da tafinta ba. Daga cikin wuraren da wannan hikima ke bayyana gare mu akwai waƙoƙin da mutanen Japan suka yi wa biranensu, musamman Tokyo, wanda shi da kewayensa ke ɗauke da mutum kusan miliyan 37. Ba mu jahilci saɓanin malamai a kan kiɗa da waƙa ba, kuma ba fatawa muka zo bayarwa ba, wannan fage yana da ma'abotansa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne shaidar da waƙoƙin ke bayarwa a kan ɗan Adam, domin al'umma takan iya ɓoye damuwarta a jawabin hukuma da lissafin tattalin arziki, amma da ta buɗe baki da waƙa sai abin da ke ciki ya fito.

A daren 10 ga Maris 1945 jiragen yaƙin Amurka suka yi wa Tokyo ruwan wuta, mutum kusan dubu 100 suka halaka. Kafin shekara ta zagayo, waƙar da ta cika kasuwannin da aka kafa a kan toka ita ce Ringo no Uta, 'yar waƙa mai sanyi a kan tuffa, kuma wadda ta rera ta, Michiko Namiki, ta rasa mahaifiyarta a wancan harin. Haka Mahalicci ya dasa fata a zuciyar bawa, ba ya jiran hawaye su bushe kafin ya tsiro.

Da masana'antu suka farfaɗo, sai birni ya buƙaci hannuwa. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1975 ana shirya jiragen ƙasa na musamman, su kwaso yaran da suka gama ƙaramar sakandare, 'yan shekara 15, daga yankunan arewa masu sanyi da ƙanƙara irin su Aomori da Akita da Iwate. Su kwana a hanya cikin kayan makaranta, kowa da ƙunshinsa a cinya, gari ya waye musu a tashar Ueno da ke Tokyo, inda masu ƙananan masana'antu da masu shaguna ke tsaye da alluna ɗauke da sunayen wuraren aiki, kowa ya ware nasa ya wuce da su. Ana ce musu ƙwayayen zinariya, saboda yawan masu nemansu da arhar ladansu. A 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi wasannin Olamfik kuma jirgin Shinkansen mai tsananin gudu ya fara aiki, Hachiro Izawa, ɗan Aomori, ya fitar da Aa Ueno Eki, da muryar yaron shago da ke tsayar da kekensa kusa da tasha don ya ji karin harshen garinsu. Duniya na kallon filayen wasa da sabon layin dogo, waƙa kuwa tana kallon yaron da ya ɗauko ginin birnin a kafaɗarsa. Yau akwai allon tunawa da ita a gaban tashar. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan ci-rani a tashar mota bayan kaka ya san irin wannan tsayuwa, sai dai ɗan ci-rani yana komawa da faɗuwar ruwan farko, su kuwa akasarinsu tafiyar ke nan.

A ganinmu babu waƙar da ta kai Momen no Hankachifu zurfi a wannan babi. Hiromi Ota ta rera ta a 1975, Takashi Matsumoto ya tsara kalmomin, Kyohei Tsutsumi ya sa mata kiɗa. An gina ta a kan musayar saƙo tsakanin saurayin da ya tafi birni da budurwar da ya bari a gida. Da farko yana yi mata alkawarin tsaraba, daga baya ya aiko zobe, sannan hotonsa cikin kwat, ita kuwa kowane karo roƙonta ɗaya, ya dawo yadda ya tafi. A ƙarshe ya faɗa mata ba zai iya dawowa ba, sai ta nemi kyauta guda tak, hankicin auduga na share hawaye. Abin lura shi ne ba a mai da saurayin azzalumi ba. Bai wayi gari da niyyar cin amana ba, sauyin ya shige shi ne sannu a hankali, saƙo bayan saƙo, har ya zama wani mutum dabam bai ankara ba. Wanda ya san cewa zukata a hannun Mai jujjuya su suke, ba zai saurari wannan labari yana jin shi ya tsira ba, sai dai ya ƙara roƙon tabbatuwa.

Salon da ake kira enka shi ya fi riƙe wannan kewa, da muryarsa mai karkarwa da jan amo kamar mai haɗiye kuka. A 1977 Masao Sen ya rera Kitaguni no Haru, labarin mutumin da mahaifiyarsa ta aiko masa ɗan ƙunshi daga ƙauye don ta san a birni ba a gane shigowar bazara, waƙar kuma ta ƙetare teku ta samu karɓuwa ƙwarai a ƙasar Sin. A wannan shekara Sayuri Ishikawa ta rera labarin macen da ta bi jirgin dare daga Ueno ta koma arewa ita kaɗai. Muna ganin rahama a cikin wannan ciwo. Da an halicci mutum ba ya kewa, da duk wanda ya samu albashi ya manta da tsatsonsa, zumunci ya yanke a tsara guda. Kewa ce ke cika jirage da masu komawa gida a ƙarshen kowace shekara, iyali su haɗu gaban talabijin suna kallon gasar waƙa ta Kohaku da tashar NHK ke gabatarwa tun 1951, lokacin tana rediyo.

Sai wadata ta zo. A 1979 kamfanin Sony ya fitar da Walkman, mutum ya samu damar tafiya cikin dubban jama'a da waƙarsa a kunne, shi kaɗai. Waƙoƙin wannan zamani, da aka fi sani da city pop, cike suke da motoci da fitilun dare da bakin teku, kiɗansu mai walwala ne, ba su ambaton gona ko uwa. Amma wanda ya bi ma'anar Plastic Love, wadda Mariya Takeuchi ta fitar a 1984, zai tarar da mace ce da aka karya wa zuciya, ta mai da soyayya wasa, tana raya dare da rawa don kada ta tuna. An samu abin da aka baro ƙauye dominsa, gurbin da ke cikin ƙirji kuwa yana nan, domin ba a halicce shi da girman abin duniya ba.

A farkon shekarun 1990 kasuwar filaye da hannun jari ta rushe, waccan annashuwa ta dushe. Kwatsam wajen 2017 YouTube ya riƙa jefo wa mutane waƙar Takeuchi a ƙasashe da dama, a 2020 kuma Mayonaka no Door ta Miki Matsubara, wadda ta rera tana 'yar shekara 19, ta game duniya, shekara 16 bayan rasuwarta. Arziki da ɗaukaka suna da ajalinsu, ba mai gaggauto su.

Tafiyar da a da take cin dare guda daga Aomori yanzu awa uku ce da 'yan mintoci, amma sauƙin hanya bai mayar da mutane gida ba. Ƙidayar 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan 9 a faɗin ƙasar babu kowa a ciki, da yawansu na iyayen da 'ya'yansu suka zauna a birni ne. Yaran da suka sauka a Ueno a 1964 sun haura shekara 70, jikokinsu haifaffun Tokyo ne, ba su da ƙauyen da za su yi wa waƙa. Su ne ke tono fayafayan shekarun 1980 a shagunan unguwar Shibuya ta Tokyo, suna kewar wani zamani na birninsu da ya wuce kafin a haife su.