Giya Ba Ta da Kaɗan



'Yan'uwa, mashayin da ya bugu ya faɗa kwata kowa ya ga halin da yake ciki. Wanda na fi ji wa tsoro shi ne mai sha a ɓoye, fes da shi cikin shadda, ana sahu da shi a masallaci, in aka yi masa magana ya ce: "Ai ni ba na buguwa, ɗan kaɗan ne don in samu barci."

Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. A aya ta 90 ta Suratul Ma'ida Allah Ya yi umarni ne a nisanci giya baki ɗaya, hadisi kuma ya tabbatar da cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ta fuskar lafiya kuma, an daɗe ana yayata cewa kofi guda na giya a rana yana gyara zuciya. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa. Tun 1988 cibiyarta ta binciken ciwon daji ta sa barasa a rukuni ɗaya da taba. Barasa tana jawo kansar baki da maƙogwaro da hanta da hanji da mama. A lissafin hukumar, mutum miliyan 2.6 giya ta yi ajalinsu a 2019, miliyan 2 daga cikinsu maza, da yawansu masu ciyar da gida.

Ku dubi hanta. Ita ke tace abin da aka sha, kuma ba ta kuka da wuri. Kitse ya fara taruwa a cikinta, ta kumbura, ta yi tabo, a hankali ta ƙandare, mai ita yana ta harkokinsa shekara da shekaru. Ranar da za ta nuna, ido ya koma launin ɗorawa, ciki ya cika da ruwa, ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, wani har aman jini. Sai dangi su ce sammu ne, a yi ta yawon gidajen bokaye. In kuma dama mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yawaita a ƙasashenmu, giya mai ce aka zuba wa wuta.

Akwai kuma wadda ake sayarwa a 'yan ledoji da ƙananan kwalabe a tasha da sunan maganin basir ko ƙarfin maza. Ɗariƙu bin Suwaid ya tambayi Annabi (SAW) a kan yin magani da giya, ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Ka karanta jikin kwalba kafin ka kai baki.

Kai da ka jarabtu, ƙofar tuba a buɗe take, amma ka ji wannan da kyau: wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya yanke lokaci guda, jikinsa na iya ɗaukar rawa, ya yi jijjiga, ya riƙa gane-gane, har a rasa rai. Ka yi niyya yau, ka je asibiti yau, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake sha, a auna maka hanta da hawan jini.

Ku kuma iyaye da mata da 'yan'uwa, ku bar tsinuwa da rufa-rufa. Annabi (SAW) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kamawa da shan giya, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. In akwai irinsa a gidanku, ku riƙe hannunsa ku raka shi wurin likita tun hantar tana da sauran ƙarfi.