Jirgin Babanmu: A Gyara, A Sayar, Ko A Faskare?

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙauyenmu, can ƙasar Yawuri a bakin tafkin Kainji, ya ga wani tsohon jirgin katako kife a gindin tsamiya bayan gidanmu. Na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Da shi ya yi fito shekara da shekaru, yana kai mutane da buhunan albasa kasuwa, kuma in iska ta yi masa daɗi sai ya kashe inji, ya kafa gora a tsakiya, ya ɗaura wani zane da Inna ta ɗinka masa da buhuna, iska ta yi ta tura su. Yau shekara bakwai ke nan da rasuwarsa, jirgin kuwa bai sake taɓa ruwa ba. Kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, gara kuma tana nata aikin.

Da na je hutun da ya wuce, sai Baffa ya kira ni, ya ce tun da ni ne babba, kuma wai na yi boko, to, in yanke shawara a kan jirgin nan a huta. Abin da ya sa na kawo maganar cikin wannan mujalla tamu shi ne, na tafi da zaton lissafin kuɗi zan yi, ashe tambaya ce a kan hakki, irin wadda ba a koya mana a aji ba.

Ba sai na ɓoye ba, gyara zuciyata ta fara so. Na ɗauko wani masassaƙi, ya zo ya yi ta ƙwanƙwasa katakan da ƙotar gizago yana saurare kamar mai duba mara lafiya. Da ya gama sai ya ce, "Samari, gindin nan duk ya tafi. In ka ce in gyara, sabo zan yi maka, in liƙa masa hancin tsohon." Kuɗin da ya yanka kuwa ya kusa kai na sabon jirgi.

Wannan magana tasa ta tuna mini da wata tsohuwar muhawara ta mutanen Girka. An ce mutanen birnin Atina sun adana jirgin wani gwarzonsu mai suna Tisiyus, duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har masanansu suka shiga gardama: shin jirgin nan shi ne na asali, ko kuwa wani ne daban? Mu ɗalibai muna son irin wannan gardama, don ba ta cin kuɗin kowa. Amma ni da na tsaya gaban namu jirgin, sai na ga amsar ba ta dame ni ba. Ko da an ce mini shi ne, da kuɗin wa zan gyara? Jirgin gado ne. Inna tana da tumuninta a ciki, ƙannena huɗu suna da rabonsu, biyu daga cikinsu ma ba su balaga ba. Ni kuwa ban iya riƙe filafili da kyau ba, balle in san inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashin ruwa, waɗanda tafkin ya shanye tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Watau dai in ɗebi dukiyar marayu in sayi abin da zan riƙa kallo ina tuna ubana. Wannan son kai ne, ko da ya sa rigar biyayya ga iyaye. Nan na bar zancen gyara, ba don raina ya so ba.

Sai maganar sayarwa, kuma a nan gizo yake saƙar. Wani mai fito daga wani ƙauye ya ji labari, ya zo ya taya N150,000. Kuɗi ne masu kauri a gidan da ake auna hatsi da kwano. Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce zai toshe ramukan da tsumma da kwalta, ya buga falanki biyu-uku, ya ɗaura inji, ya riƙa ɗaukar 'yan kasuwa. Na gaya masa duk abin da masassaƙi ya ce, ban rage kome ba. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan boko, na ji na gani. Wanda nake tuƙawa yanzu ya fi wannan lalacewa."

To, mai karatu, ga inda nake so ka tsaya tare da ni. A abin da muka karanta a makarantar zaure, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa, in ya ɓoye kuwa mai saye yana da ikon mayarwa. Ni na bayyana. Mai saye baligi ne, mai hankali, ya ma fi ni sanin jirgi nesa ba kusa ba, kuma ya ce ya yarda. A bisa zahiri ciniki ya halatta, Baffa ma abin da ya ce ke nan. Har ya ƙara da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Amma fa rariya, mai ita take zubar wa ruwa. Jirgin fito kuwa ba mai shi kaɗai yake shiga ba. Tsohuwar da za ta hau da ƙwaryar nononta ranar kasuwa, ta ji bayanin da na yi? Yaron da ke goye a bayan uwarsa, an tambaye shi ko ya yarda? Su za su ga sabon fenti ne kawai, su biya kuɗin fito, su zauna. Yardar da aka yi tsakanin mutum biyu ce a gindin tsamiya, haɗarin kuwa na mutum hamsin ne a tsakiyar ruwa.

Kada a ce tsoro ne irin na wanda ya daɗe a birni. Mu mutanen wannan yanki ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi ya nutse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150, waɗanda aka tsamo da rai kuwa kimanin ashirin ne. Abin da aka yi ta faɗa a lokacin shi ne jirgin tsoho ne, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Kwana da kwanaki ana tsamo gawawwaki. Na tabbata wannan jirgi ma akwai ranar da wani ya dube shi ya ce, ai zai ƙara shekara ɗaya.

Na kai maganar wurin malaminmu na zaure. Bai ce mini yi ko bari ba. Sai ya tuna mini cewa malaman mazhabar Malikiyya sun hana a sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi, ko makami ga wanda aka san ɓarna zai yi, alhali inabi da makami ba haramun ba ne a kan kansu. Ya ce, "Ɗana, abin dubawa shi ne me ka sani lokacin da kake karɓar kuɗin." Ni kuwa na sani, don da bakinsa mutumin ya gaya mini.

Duk da haka, gaskiya, hujjar ɗaya ɓangaren ba ta da rauni, kuma ta hana ni barci. Na farko, kuɗin da zan ƙi ba nawa ba ne ni kaɗai. Ashe ba wani son kan ba ne in sayi kwanciyar hankalina da rabon marayu, kamar yadda na so in sayi tunawa da shi? Na biyu, in na hana shi, mutumin nan zai ci gaba da tuƙa wanda ya ce ya fi namu lalacewa, ko ya sayi wani a gaba. Mutanen ƙauyukan nan ba don sha'awa suke shiga irin waɗannan jirage ba, hanyar mota ce babu, kasuwa kuwa dole. Ƙin da zan yi ba zai rage ko jirgi ɗaya a kan tafki ba.

Na auna, na ga bambanci ɗaya da ya tsaya mini. Marayu suna da hakki a kan abin da jirgin ya cancanta, watau kuɗin katakonsa. Abin da ya hau kan wannan, kuɗin ganganci ne da ran wasu, kuma ba na jin akwai magajin da ke da rabo a cikinsa. Zancen cewa wani zai sayar in ban sayar ba kuwa, haka ne, amma ba a kan jirgin wani aka tambaye ni ba.

Da na gaya wa Inna, ina fargabar ta ce na tauye 'ya'yanta. Ta yi shiru, can ta ce babanmu yakan sauke mutane in ya ga lodi ya yi yawa, har a yi ta zaginsa a bakin mashigi. Ba ta ƙara kome ba.

Ranar Asabar masassaƙi ya zo da yaransa biyu. Katakan maɗacin da ke gefe, waɗanda gara ba ta ci ba, wani kafinta ya saya zai yi benci da ƙyaure. Ruɓaɓɓun kuwa masu ƙyafe kifi suka kwashe. Duka-duka N38,000 aka samu, Baffa ya raba yana ta ƙwafa, kuma har na dawo makaranta gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na yi wa ƙannena alkawarin cike musu gibin in na fara aiki, ban san ko yaushe ba ne. Hancin jirgin na biya kuɗinsa daga aljihuna, yana nan jingine a ɗakin Inna. Mai fiton kuwa, na ji an ce ya sami wani a ƙetare, kuma ranar da zan taho na hange shi daga bakin gaɓa, ya ɗauko 'yan kasuwa, wani yaro a tsakiyarsu yana kwarfe ruwa da ƙoƙo.