Ƙaddara da Ruwan Famfo

A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan famfon da aka fara sha a shekarun 1980 ya zo da sinadarin fuloraid fiye da kima. Haƙoran yara suka dafe, ƙafafu suka lanƙwashe. Wannan kowa ya gani. Ni abin da ido ba ya gani ya fi damuna.

A 2024 hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta ce, da matsakaicin tabbaci, fuloraid da ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwa yana da alaƙa da raguwar basirar yara. Yana kuma ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Ɗan kaɗan da ake zubawa don kare haƙora kuwa, masana na jayayya a kansa har yau.

Mu dai yaro ya kasa karatu, sai mu ce Allah bai ba shi ba. Na yarda basira baiwa ce. Amma Imam Gazali ya lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa, mu muka taƙaita zancen ga giya. Mai ciki abin da famfo ya zubo take sha. Wanda ya haƙa burtsatse bai kai ruwan awo ba, shi nake ganin za a tambaya.