Saƙon Muryar da Ka Tura

Ɗana, matso nan, ba faɗa zan yi maka ba. Jiya bayan la'asar gwaggonka ta shigo hankali a tashe, wai ta fasa zuwa ganin jikokinta a Amurka, don ka tura a WhatsApp cewa na'urar binciken jiki ta filin jirgi tana sa ciwon daji, tana hana haihuwa. Matar da ta ba sittin baya, wace haihuwa za a hana ta? Mai maganar ma ko fuskarsa ba ka sani ba. Mu da aka tasa daga tsohon Zongo a 1977 aka kawo nan Agoè, mun ga yadda "an ce" ke hana unguwa barci.

Zancen yana da tushe. A Disamban 2009 Umar Faruk Abdulmutallab ya hau jirgin Amsterdam zuwa Detroit da abin fashewa a kamfai, daga nan aka baza na'urorin. Iri biyu ne. Ɗaya da hasken hoton ƙashi na asibiti take aiki, mai rauni ƙwarai, ita ce masana suka yi ta gardama a kanta. Tarayyar Turai ta hana ta a 2011, Amurka ta kwashe nata a 2013, ko da yake su tsiraicin da take nunawa ne ya dame su. Ko ita ɗin, abin da jiki ke sha a tsayuwa ɗaya bai wuce na 'yan mintoci a sama cikin jirgi ba. Wadda ta rage, da ake ɗaga hannu a ciki, da igiyar rediyo take aiki, dangin ta wayar da kake kwana da ita, kuma iyakarta fata.

Da ka tambaye ni, da zaman jirgin na ce ka tsorata ta da shi. Daga filin jirgin Tokoin zuwa Newark ta Amurka awa goma ne da ɗoriya, tsohuwa a kujera ɗaya, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ta riƙa tashi tana takawa, ta sha ruwa, maganin hawan jininta ya zauna a jakar hannu. Mai batirin zuciya shi ne zai faɗa wa ma'aikata kafin ya shiga na'urar. In kunya ce damuwarta, ta nemi mace ta bincike ta da hannu.

Tashi ka je gidanta kafin magariba. Ka tafi da wayar, ka goge saƙon a gabanta.