Katin Yara a Hannun Masu Neman Riba

A ranar 28 ga Satumba, 2023, gidan adana zane-zanen Van Gogh da ke Amsterdam ya buɗe baje koli tare da kamfanin Pokémon, albarkacin cikar gidan shekara 50 da kafuwa. An yi abin ne domin yara. Yaro zai zaga ya kalli zane, ya amsa 'yan tambayoyi, sai a ba shi kati kyauta mai hoton Pikachu na Pokémon sanye da hula ruwan toka, irin wadda Van Gogh ya zana kansa da ita a 1887.

Waɗanda suka cika wurin ƙarti ne majiya ƙarfi. Suka danna cikin shagon gidan ana ture-ture, kowa na wawurar abin da hannunsa ya kai, kafin yamma kayan sun hau kasuwar intanet ta eBay da farashin ɗaruruwan daloli. Da abin ya gagara, a tsakiyar Oktoba hukumar gidan ta daina ba da katin don kare ma'aikata da masu ziyara. Yaron da uwarsa ta biya kuɗin shiga, ya cika takardarsa da fensir, haka ya koma gida hannu rabbana.

Wannan rashin kunya ya daɗe yana yaɗo. A 2019, a ƙasar Sin, an ga mutane suna rarrafawa ta ƙarƙashin ƙofar shagon Uniqlo tun ba a gama ɗaga ta ba, har suna tuɓe gumakan talla, saboda rigar mai zane KAWS ta yuan 99. A 2025 kamfanin Pop Mart ya dakatar da sayar da 'yartsanar Labubu a shagunansa na Birtaniya bayan rigingimu a layi.

Za a ce ai saye da sayarwa halal ne, kuma ba wanda aka tilasta wa ya saya. Haka ne. Wanda ya adana abu shekaru, darajarsa ta tashi ya sayar, ban ga laifinsa ba. Amma mai kwashe kaya don ya haddasa ƙaranci, sannan ya tsawwala wa wanda ya ture a layi, me ya ƙara wa kayan? Bai ɗauko daga nesa ba, bai gyara ba, bai jira ba. Ɗan bumburutu ne kawai, fetur ɗinsa ya zama kati. A da ɗan kasuwa yana jin nauyin a ce ya ci da gumin yaro. Yau yana ɗora hoton ganimarsa a intanet ana yi masa jinjina.

Kamfanonin ma ba su fita ba. Wasunsu kan buga kaɗan da gangan domin a yi rububi, sunansu ya ƙara tashi.

Ɗan'uwa, in sana'arka ke nan, ka ji tsoron Allah ka sake wata. Kai kuma mai saye, da kuɗinka ake wannan ɓarna. Duk son da kake wa abin, ka haƙura ka bar masa kayansa a hannu.