Masani da Alhakin Abin da Ilminsa Ya Haifar

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci zarra, Ya san abin da ke cikinta. A da, ƙaramar tururuwa Larabawa ke kira zarra. Yau sunan ya koma kan ƙwayar nan da kowane abu ya ginu da ita.

A shekarar 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa gudun haske a sarari ba ya sakewa, watau wajen kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma kowane abu mai nauyi yana ƙunshe da ƙarfi mai yawan gaske. Cikin 1938 Otto Hahn da abokin aikinsa suka fasa ƙwayar yuraniyom a Jamus, ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit ta Nijar a 1971. A 1939 Einstein ya sa hannu a wasiƙa zuwa ga Shugaba Roosevelt na Amurka, yana jan hankalinsa kada Jamusawa su riga kowa ƙera bom. A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki irin wannan bom, mutane fiye da 100,000 suka halaka.

To, jinin nan yana wuyan wa?

Malaman fiƙihu sun bambanta mai aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadinsa. Ba a kama maƙeri don an yi kisa da wuƙar da ya ƙera domin yanka. Amma a mazhabar Malikiyya haramun ne a sayar da makami ga wanda aka san fitina zai tayar, ko inabi ga mai matsar giya. Wannan shi ne toshe kafar ɓarna.

Bisa wannan ma'auni, binciken 1905 ba shi da laifi, domin gano sirrin halitta ne, kuma da ilmin zarra ake gasa ciwon daji yau. Wasiƙar 1939 kuwa ta fi nauyi, saboda mai ita ya san inda za ta kai. Shi ma ya yi nadama, har ya sa hannu a takardar gargaɗi kan makaman nukiliya a 1955, kwanaki kaɗan kafin mutuwarsa.

Saboda haka alhakin masani yana ƙaruwa gwargwadon saninsa da abin da za a yi da ilminsa. Dole ɗalibin kimiyya Musulmi ya tambayi wa yake yi wa aiki tun kafin ya miƙa hannu.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.